Jera Ɗigogi Bisa Ƙuri'a a Kan Lanƙwasasshen Layi a Manhajar Zane Mai Linzami

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata matsala da masu zanen gine-gine da lambuna ke yawan cin karo da ita idan suna aiki da kwamfuta. Ga layi mai lanƙwasa, kamar gefen hanyar lambu ko bakin rufin gini, ana so a jera ɗigogi a kansa ta yadda tazarar da ke tsakaninsu ba za ta zama ɗaya ba. Kowane ɗigo zai zama gurbin itace ko turken fitila ko sandar ado. Raba layi daidai wa daida abu ne mai sauƙi, domin umarni guda ya isa. Wahalar tana wajen rabon da ba daidai ba, saboda abin da mai zane yake nufi da hakan daban, abin da na'ura za ta ba shi kuma daban.

Akwai abin da ya shafi manazarta harshe a nan. Litattafan kimiyya da za a rubuta da Hausa suna bukatar kalmar da za ta ɗauki ma'anar abin da ya auku ba tare da an zaɓe shi ba, kuma idan aka ɗauki kalmar da ba ta dace ba, ɗalibi zai tashi da gurguwar fahimta. Don haka za a bayyana yadda aikin yake gudana, ana yi ana auna kalmomin da aka ɗora masa.

2.0 Manhajar da Kalmominta

A zanen kwamfuta na al'ada mai zane yakan ja layi ya bar shi yadda ya ja. A ɗaya nau'in kuwa, ƙa'idar da za ta haifi zanen yake rubutawa, ya bar wasu lambobi a sake, kamar tsawo ko yawa ko tazara. Da zarar ya canza lamba ɗaya, zanen gaba ɗaya zai juya ya bi ta. Wannan ne aka kira zane mai linzami a cikin takardar nan, domin lambar tana yi wa zanen abin da linzami ke yi wa doki.

Manhajar da za a kafa misali da ita ita ce Grasshopper, wadda David Rutten ya ƙirƙira a kamfanin Robert McNeel da ke Seattle ta Amurka. Ta fara fitowa a 2007 da sunan Explicit History a matsayin ƙari ga manhajar Rhinoceros, kuma tun daga Rhino 6 a 2018 ta zama ɓangarenta. Ba a rubuta umarni da haruffa a cikinta. Akwatuna ake ajiyewa a kan allo, kowanne da aikinsa, a haɗa su da zare, abin da wannan ya fitar ya shiga wancan. Sunayen akwatunan an bar su yadda suke, tunda da su mai aiki zai neme su.

Sai kalmar da ta fi muhimmanci. Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage. "Barkatai" da "kara-zube" suna bayyana kamannin abu ne bayan ya warwatse, kuma duka biyun suna ɗauke da suka, wato an yi aiki ba tsari. "Katsam" da "ba zata" suna nuni ga halin mutumin da abu ya auko wa. Babu ɗayansu da ta taɓa hanyar da aka bi aka sami sakamakon, alhali kuwa hanyar ita ce abin da masana lissafi suke nufi. Kalmar da ta kama hanya ita ce "ƙuri'a", a ma'anarta ta asali wadda ta zo daga Larabci: a jefa, kowa yana da rabo daidai da ɗan'uwansa, wanda ta faɗa wa ya ɗauka. Gaskiya ne siyasa ta ja kalmar zuwa ga zaɓe, har yaro a yau in ya ji ta akwatin zaɓe zai tuna, wanda kuwa shi ne kishiyar abin da ake nufi a nan. Duk da haka tsohuwar ma'anar tana raye a bakin masu rabon gado da na fili, kuma a ganin mai wannan takarda "lambobin ƙuri'a" ya fi duk sauran dacewa.

3.0 Agogon Layi da Tsawon Layi

Kuskuren farko da ake yi yana da asali a yadda kwamfuta take adana lanƙwasasshen layi. Ba ta riƙe shi a matsayin zare mai tsawo sananne. Abin da take riƙewa shi ne wasu 'yan ɗigogi da ke wajen layin suna jan sa zuwa gare su, waɗanda za mu kira turaku, da kuma wata ƙa'idar lissafi. Wannan dabara ta fito ne daga masana'antar motoci ta Faransa. Paul de Casteljau ya tsara ta a kamfanin Citroën a 1959, Pierre Bézier kuma ya kai ga irinta a Renault a shekarun 1960, kuma da yake shi ne ya wallafa, sunansa ne ya bi layin. Layukan da Rhinoceros take amfani da su, waɗanda ake kira NURBS, faɗaɗa wannan dabara ne.

Ƙa'idar tana karɓar lamba guda, wadda aka saba rubutawa da harafin t, ta mayar da wuri guda a kan layin. Idan t tana kan farkon zangonta, ana bakin layin, idan ta kai ƙarshe, an kai ɗaya bakin. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar t ita ce a ɗauke ta a matsayin agogon matafiyi. Mutumin da ya tashi da asuba ya sauka da magariba ba lallai ne a ce da rana tsaka ya ci rabin hanya ba, domin wataƙila ya yi sanɗa a kan tudu ya yi gudu a gangare. Haka ɗigon da ke bin layi yake: inda turaku suka matsu yana tafiya a hankali, inda suka yi nisa da juna yana sauri.

Alal misali, a ɗauki layin Bézier mai turaku uku, a jera su a miƙe don lissafin ya yi sauƙi: na farko a kan sifili, na biyu a mita 10, na uku a mita 100. Idan agogo ya kai 0.25, ɗigon yana mita 10. Idan ya kai 0.5, yana mita 30. A 0.75 yana mita 60, sai a 1 ya isa mita 100. Ke nan rubu'in farko na agogo ya ci mita 10, na biyu 20, na uku 30, na huɗu 40. Yanzu a ce mai zane ya nemi lambobin ƙuri'a guda 100 tsakanin sifili da ɗaya, ya zuba su cikin akwatin Evaluate Curve, wanda da agogo yake aiki. Kimanin 25 za su faɗa cikin mita 10 na farko, wasu kimanin 25 kuma su bazu cikin mita 40 na ƙarshe. Cunkoson farkon layi ya ninka na ƙarshensa sau huɗu, kuma komai yawan sake jefa ƙuri'ar haka zai ci gaba da fitowa, domin son kan yana cikin ma'aunin da aka ɗora ƙuri'ar a kansa.

Abin da ke ƙara ruɗa masu koyo shi ne umarnin Reparameterize, wanda yake mayar da zangon agogo ya tashi daga sifili ya tsaya a ɗaya. Da yawa sukan zaci da an yi haka 0.5 ta zama tsakiyar layi. Abin da aka canza shi ne lambobin da ke fuskar agogo kawai, saurin matafiyi yana nan yadda yake. Magani shi ne a jefa ƙuri'ar a kan tsawo, wato a yi amfani da akwatin Evaluate Length, wanda idan aka ba shi 0.5 a matsayin kaso zai nemo ainihin rabin tsawon layin. Wannan ya fi cin lokacin na'ura, saboda tsawon yawancin irin waɗannan layuka ba shi da ƙa'ida gajera da za ta fitar da shi kai tsaye, sai an yanka layin gutsi-gutsi an tara. Ga ɗigogi ɗari ba za a ji bambancin ba.

4.0 Ƙuri'ar Kwamfuta da Irinta

Kwamfuta na'ura ce mai bin umarni, don haka abin da take bayarwa a irin wannan aiki kwaikwayon ƙuri'a ne. Ana ba ta lambar farawa, ta sarrafa ta da wata ƙa'ida ta fitar da ta biyu, ta sarrafa ta biyu ta fitar da ta uku. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙa'idojin ita ce wadda John von Neumann ya kawo a shekarun 1940: a ninka lamba da kanta, a ɗauki tsakiyar amsar. Idan aka fara da 5731, ninkinta shi ne 32844361, tsakiyarsa 8443. Ninkin 8443 shi ne 71284249, tsakiyarsa 2842. Wanda aka nuna wa 5731 da 8443 da 2842 ba zai ga alaƙa tsakaninsu ba, amma wanda ya san ƙa'idar zai iya faɗin ta huɗu tun kafin ta fito. An daina dogaro da wannan hanya domin takan maƙale ta riƙa maimaita kanta, kuma wasu sun maye gurbinta, tun daga ta D. H. Lehmer ta 1949 har zuwa Mersenne Twister ta Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura ta 1997. Tushen tunanin dai bai sauya ba.

Lambar farawar nan ita ce iri, kamar irin shuka, kuma a nan Hausa ba ta bukatar ƙirƙira komai: abin da aka shuka shi zai tsiro. Akwatin Random na Grasshopper yana karɓar abu uku, wato zangon da lambobin za su faɗa ciki, da yawansu, da iri. Muddin waɗannan ba su canza ba, jerin da zai fito ɗaya ne yau da gobe. Ana iya ganin wannan a matsayin naƙasa, amma ga mai zane ni'ima ce. Da a ce duk lokacin da aka buɗe aikin itatuwa sun sake wuri, da zanen da aka miƙa wa magini bai yi daidai da wanda aka yi kasafin kuɗi a kansa ba. Abin da aka saba yi shi ne a riƙa juya iri, 1, 2, 3, har a ga jerin da ya kwanta a rai, sannan a rubuta lambar a ajiye. A nan za a lura cewa mai zanen da ya gwada iri arba'in ya ɗauki guda ya riga ya yi zaɓe, sai dai na'ura ce ta kawo masa 'yan takara.

5.0 Dalilin Cunkoso

A ce an gyara ma'auni, an jefa ƙuri'a a kan tsawo. Mai zane zai duba allo ya ga abin da bai zata ba: ɗigogi uku sun haɗa kai a wuri ɗaya, can kuma fili ya buɗe babu ko ɗaya. Yawanci sai ya ɗauka manhajar ce ta lalace. Lissafi kuwa ya nuna haka ƙuri'a take. Idan aka jefa ɗigogi 20 a kan layi mai mita 100, za su raba shi gida 21, matsakaicin kowane gida mita 4.76. Amma abin da ake sa rai ga mafi ƙanƙantar gida shi ne mita 100 a raba da 441, wato 21 sau 21, wanda bai wuce santimita 23 ba. Mafi girma kuwa ana sa ran ya kai kimanin mita 17. Itatuwa biyu da santimita 23 a tsakaninsu rami ɗaya ne, turakun fitila biyu a wannan tazara kuwa babu mai kafa su. Manomin da ya taɓa yafa iri ya san wannan ba tare da lissafi ba, shi ya sa yake komawa ya rage inda shuka ta cunkushe, ya cike inda ta yi giɓi. Wanda ya bi sungumi taki-taki ba ya wannan wahala, amma gonarsa layi-layi take fitowa.

Idon ɗan Adam ba ya yarda da wannan cikin sauƙi, kuma akwai sanannen misali daga Ingila. A lokacin da Jamus take harba bama-bamai masu tashi da kansu a kan Landan a 1944, mutane sun lura suna faɗowa gungu-gungu, har aka yi zaton da gangan ake auna wasu unguwanni. A 1946 wani masanin lissafin inshora mai suna R. D. Clarke ya ɗauki yanki mai murabba'in kilomita 144 a kudancin birnin, ya raba shi gida 576, ya ƙirga bama-bamai 537 da suka faɗa ciki. Ya tarar gida 229 babu ko ɗaya, 211 suna da ɗaya, 93 biyu, 35 uku, 7 huɗu, gida guda kuma biyar ko fiye. Da ya gwada da ƙa'idar da Siméon Poisson ya wallafa a 1837, wadda take faɗin yadda ƙuri'a tsantsa za ta raba su, sai ya ga tana hasashen kimanin 227 da 211 da 99 da 31 da 7 da 2. Gungun da aka ɗauka shaidar niyya ce ashe shi ne ainihin kamannin rashin niyya.

A nan ne zaɓen kalma yake nuna amfaninsa. Abin da mai zane yake so idan ya ce a watsa masa ɗigogi shi ne tazara mai bambanci amma mai iyaka, wadda ido zai gani ya ce ba a auna ba, alhali an auna. Ƙuri'a tsantsa kuwa barkatai take bayarwa. Da an fassara kalmar lissafin da "barkatai" tun farko, da ba a sami bakin faɗin wannan jimla ba, domin hanya da sakamako sun zama kalma ɗaya.

6.0 Yi wa Ƙuri'a Linzami

Hanyar da hankali ya fi saurin kaiwa gare ta ita ce a riƙa jefa ɗigo ɗaya-ɗaya, duk wanda ya faɗi kusa da na baya fiye da kima a jefar da shi a sake. Masu zanen hoto da kwamfuta sun daɗe da sanin ta, musamman tun aikin Robert Cook na 1986, kuma Robert Bridson ya kawo hanyar hanzarta ta a 2007. Tana da iyakar da ba kowa ya sani ba. Masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, Alfréd Rényi, ya nuna a 1958 cewa idan motoci masu tsawo ɗaya suka riƙa tsayawa bisa ƙuri'a a gefen doguwar hanya, wuri zai ƙare musu alhali kimanin kashi 74.8 cikin ɗari kawai suka cike, saboda sauran giɓin babu wanda ya isa mota. Haka abin yake ga ɗigogi. Layi mai mita 100 da aka ce kada tazara ta gaza mita 3 yana iya ɗaukar ɗigogi 34 idan an jera su da ma'auni, amma ta wannan hanya wajen 25 zai ɗauka ya toshe. Wanda ya nemi 30 zai bar na'ura tana ta jifa ba ta samun gurbi.

Hanya ta biyu ita ce a raba layin daidai, sannan a tura kowane ɗigo gaba ko baya kaɗan bisa ƙuri'a. Idan tazarar asali mita 5 ce, turin kuma bai wuce mita 1 ba ta kowace fuska, tazara za ta tsaya tsakanin mita 3 da 7. Tana da sauƙi, sai dai a dogon layi ido yakan gano asalin jerin da ke ƙarƙashi.

Wadda mai wannan takarda ya fi gamsuwa da ita ita ce a bar ɗigogi a jefa ƙuri'a a kan tazarar kanta. Yadda aka fi yi shi ne a nemi lambobi tsakanin mafi ƙaranci da mafi yawa, a tara su bi da bi da akwatin Mass Addition, kowane jimla ya zama nisan ɗigo daga bakin layi. Aibinta shi ne jimlar ƙarshe ba ta faɗuwa daidai kan ƙarshen layi, kuma idan aka matse jerin don ya shiga, ƙaramar tazarar da aka yi alkawari ita ma za ta matse. Gyaran shi ne a fara ba kowane gida haƙƙinsa, sannan a jefa ƙuri'a a kan rarar. A ɗauki layi mai mita 20 da ake so a raba gida huɗu, kada ɗaya ya gaza mita 3. An ware mita 12 ke nan, saura 8. A jefa lambobi uku tsakanin sifili da 8, a jera su daga ƙarama zuwa babba, a ce sun fito 1.5 da 2 da 6.5. Sun yanka rarar zuwa 1.5 da 0.5 da 4.5 da 1.5. A ƙara wa kowanne 3, sai a sami 4.5 da 3.5 da 7.5 da 4.5, jimla 20 cif. Ɗigogin za su zauna a sifili da 4.5 da 8 da 15.5 da 20. Yawan da aka nema ya cika, ƙaramar tazara ta tsira, kuma ba a jefar da jifa ko ɗaya ba. Idan layin rufaffe ne kamar da'ira, yawan gidaje daidai yake da yawan ɗigogi, kuma dole a cire ɗigon ƙarshe don kada ya hau kan na farko.

Saura abu guda, wanda kalmar "tazara" take ɓoyewa. Duk lissafin da ya gabata a kan bin layi aka yi shi, kamar mai auna hanya da igiya yana bin kwanarta. Amma rassan itace ba sa bin hanya, ta sararin da ke tsakani suke haɗuwa. A kan rabin da'irar da faɗinta mita 2 ne, mai bin layi zai auna mita 3.14 daga baki zuwa baki, alhali a miƙe mita 2 ne kawai. Grasshopper ta raba waɗannan biyu da akwatuna daban, Divide Length ga awon bin layi, Divide Distance ga awon miƙe. A Hausa ana iya ware "tsawo" ga na farko, "rata" ga na biyu. Don haka a hanyar lambu mai kwana masu tsanani, bayan an gama rabon tsawo sai an sake auna ratar kowane ɗigo da maƙwabtansa, har da waɗanda ba su biye da shi a jeri ba, domin inda hanya ta naɗo ta dawo, ɗigo na huɗu yana iya zama kafaɗa da kafaɗa da na tara.